Manomin Biritaniya a Ƙarƙashin Mulkin Rumawa



A cikin shekarar 1922 Gwamna Lugga, wanda ba sai an gabatar da shi ga kowa a wannan zaure ba, ya buga littafinsa a kan mulkin Ingilishi a Afirka. Can kusa da ƙarshen littafin ya kawo wata hujja wadda Turawan zamaninsa suke ji da ita ƙwarai. Ya ce wai Rumawa sun tarar da kakanninsa cikin duhun kai a tsibirinsu, suka ɗora su bisa hanyar ci gaba, saboda haka abin da Ingilishi suke yi a ƙasashenmu biyan wancan tsohon bashi ne. To, kowane bashi yana da asali, kuma alƙali ba ya karɓar lissafin bashi sai ya ji shaidu. Abin da nake nufin yi a yau shi ne in kira shaidun. Mutumin nan da aka ce an yi wa alheri, watau manomin da ke zaune a ƙauyukan Biritaniya sa'ad da Rumawa suke mulkinta, yaya gidansa yake, me yake shukawa, me ya samu, me kuma aka karɓa daga hannunsa?

Bari in fara da shekaru domin mu san inda muka dosa. Yuliyas Kaisar ya ƙetara teku ya kai hari tsibirin sau biyu, a shekara ta 55 da ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa, amma bai zauna ba. Cin ƙasar sosai ya soma ne a shekara ta 43 Miladiyya, zamanin Sarki Kalaudiyas, da mayaƙa wajen 40,000. A shekara ta 122 Sarki Hadiriyan ya sa aka fara gina ganuwar nan tasa da ta ratsa arewacin Ingila daga teku zuwa teku. Mulkin ya watse wajen shekara ta 410. Ke nan muna magana a kan shekaru kusan 370. In muka tuna cewa mulkin Turawa a ƙasar Hausa ta Nijeriya bai wuce daga 1903 zuwa 1960 ba, za mu ga Rumawa sun yi ninki shida na wannan a Biritaniya.

Abin mamaki shi ne yadda aka daɗe ana rubuta tarihin waɗannan shekaru ba tare da manomi ya fito a ciki ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Masu tonon kufai na farko attajirai ne da limaman coci waɗanda suka yi karatun Latin tun suna yara, kuma abin da suke nema a ƙasa shi ne abin da suka karanta a littafi: barikin soja, birni mai tituna miƙaƙƙu, da irin gidan gonar nan na masu hali wanda Rumawa ke kira bila, mai bangon dutse da ɗakin wanka da daɓen ƙananan duwatsu masu launi. Irin wannan gida ba ya ɓuya. A Bignor, cikin 1811, garmar wani manomi ce ta ci karo da dutse, aka tona aka ga daɓe mai zane. A Chedworth ma haka aka yi tuntuɓe da shi cikin 1864. Amma ɗakin talaka na itace da yaɓe da jinka, in ya rushe, ba ya barin komai sai ramukan da aka kafa dirkoki, su ma ƙasa ta cike su, ba mai gane su sai wanda ya san bambancin launin ƙasa. Da Francis Haverfield, malamin Oxford, ya yi shahararriyar laccarsa a 1905 a kan yadda mutanen Biritaniya suka rikiɗa suka zama Rumawa, shaidunsa galibi daga birane da gidajen bila suka fito. Ku lura da shekarar, shekara biyu ke nan bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Masu karanta Haverfield su ne masu fitowa daga Oxford su zama Razdan da Di'o, kuma a madubin Rumawa suke duban kansu.

Duk da haka akwai wanda ya saɓa wa jama'a tun da wuri. Janar Pitt Rivers, wani tsohon soja da ya gaji ƙasa mai faɗi a Cranborne Chase cikin 1880, ya tona kufan Woodcutts da Rotherley daga 1884 zuwa 1886. Ba daɓe mai zane a can, sai ramuka da rijiyoyi da tsingaro da ƙasusuwan dabbobi. Ya auna kowane abu, ya rubuta inda aka same shi, har ƙusa. Saboda wannan tsanani nasa, bayan shekara sittin Christopher Hawkes ya iya sake nazarin rubutunsa, ya nuna cewa wuraren da Janar ya ɗauka ƙauyuka ne, gidajen gona ne na iyali ɗaya ɗaya waɗanda aka yi ta sāke wa gini ƙarni bayan ƙarni.

Abu na biyu da ya buɗe idanun masana shi ne jirgin sama. Duk manomi a cikinku ya san cewa shuka tana faɗin abin da ke ƙarƙashinta. Inda aka taɓa haƙa rami ya cike, ƙasar wurin tana riƙe damshi, sai hatsi ya fi tsawo da kore. Inda kuwa akwai tushen bango a binne, hatsin yakan tsumbure ya yi ja da wuri. Daga ƙasa ba a ganin tsarin abin, amma daga sama, musamman shekarar fari, sai ka ga gida da shingensa da burtalinsa sun fito a cikin gonar alkama kamar an zana su da alƙalami. O. G. S. Crawford ne ya yi fice a wannan aiki tun cikin shekarun 1920, kuma farin da aka yi a Ingila a 1976, da na 2018, kowanne ya tona asirin ɗaruruwan kufai. Sa'an nan a 1990 gwamnatin Ingila ta kafa ƙa'ida cewa mai son gina hanya ko unguwa ko haƙar tsakuwa, shi zai biya kuɗin binciken abin da ke ƙarƙashin filin kafin ya lalata shi. Wannan ƙa'ida ta juya al'amarin gaba ɗaya, domin yanzu ba masani ke zaɓen inda za a tona ba, hanyar mota ce ke zaɓe, ita kuwa ba ruwanta da gidan mai kuɗi ko na matalauci. Jami'ar Reading, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Fulford, ta tattara rahotannin wurare fiye da 2,000 da aka tona, ta fara fitar da sakamakon a 2016. Yawancin abin da zan faɗa nan gaba ya dogara ne bisa irin wannan aiki.

Abu na farko da ya bayyana shi ne yawan jama'a. A tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, R. G. Collingwood yana ganin mutanen lardin duka ba su wuce rabin miliyan zuwa miliyan ɗaya ba. A 1990 Martin Millett ya ƙiyasta su sun haura miliyan uku da rabi, kuma wajen tara cikin goma a karkara suke. In wannan ƙiyasi ya yi kusa da daidai, to ƙasar ta fi cika da mutane a zamanin Rumawa bisa ga yadda take a 1086, sa'ad da Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya dukiyar Ingila. Wani lissafi da Jeremy Taylor ya buga a 2007 ya tara wuraren zama na karkara wajen 28,000 a Ingila kaɗai. Gidajen bila da aka sani kuwa ba su fi 2,000 ba, har da waɗanda ake tantama a kansu. Watau an shekara ɗari biyu ana ba da labarin ƙasa daga bakin 'yan tsirarun da suka fi kowa ƙoshi.

Wannan cikar ƙasa kuma ba Rumawa suka kawo ta ba. Kaisar da kansa ya shaida cewa ya tarar da mutane ba iyaka, gidaje kusa da kusa, da shanu masu yawa, ko da yake ya ƙara da cewa mutanen can ciki ba sa shuka, madara da nama kawai suke ci. Wannan ta ƙarshe ji ya yi, bai gani ba, kuma tono ya ƙaryata ta. Sitirabo, masanin ƙasashe na Girka, ya lissafa abin da ake fitarwa daga tsibirin tun kafin a ci shi: hatsi, shanu, zinariya, azurfa, ƙarfe, fatu, bayi da karnukan farauta. Filini kuma ya ba da labarin yadda manoman can suke haƙa rami mai zurfi su ɗebo farar ƙasa su baza a gona don ta ƙara ƙarfi. Ƙasar da ke sayar da hatsi waje, ta kuma san gyaran gona, ba a ce mata ba ta iya noma ba. Ni a ganina, albarkar nan tana cikin abin da ya jawo mata Rumawa tun farko.

To, yaya gidan manomin yake? A Little Woodbury, kusa da Salisbury, wani Bajamushe mai suna Gerhard Bersu ya tona wani gida na kafin zuwan Rumawa cikin 1938 da 1939, ya nuna siffar da daga baya aka yi ta gani ko'ina: babban ɗaki kewayayye na itace da yaɓe da jinka, murhu a tsakiya, an kewaye filin gidan da rami da shinge, ga ƙananan rumbuna bisa ƙafafu huɗu, ga kuma ramuka masu zurfi birjik. Kafin Bersu ana cewa wai a cikin ramukan nan mutane suke kwana, don a nuna iyakar ƙauyancinsu. Ashe rumbunan ƙasa ne. Peter Reynolds ya jarraba abin a gonar gwaji ta Butser daga 1972: in an cika ramin da hatsi aka liƙe bakinsa da yumɓu, ƙwayoyin da ke jikin bango sukan tsira su shanye iskar ciki, sauran hatsin ya yi barci lafiya har bazara, har ma ya yi iri.

Zuwan Rumawa bai rushe wannan kewayayyen ɗaki ba. A kudu da gabas, sannu a hankali cikin ƙarni na 2, ɗaki mai kusurwa huɗu ya rinjaye shi, aka kuma sami wani irin dogon gini mai ginshiƙai layi biyu, iyali a gefe ɗaya, dabbobi da kayan aiki a ɗaya gefen. A kwarin kogin Thames da na Nene gidajen gona suka faɗaɗa, aka yanka su garka garka, da burtali mai rami hagu da dama don kada shanu su shiga shuka, da rijiyoyi, da filayen ciyawa da ake yanka a adana don hunturu. Akwai kuma ƙauyuka sosai masu titi a tsakiya, kamar Catsgore a Somerset da Chisenbury Warren a tudun Salisbury. A fadamun Fens na gabas, inda ruwa ya ja da baya, mutane suka cika wurin a ƙarni na 2, suna kiwo suna dafa gishiri. A tsakiyarsu, a Stonea, aka gina wani dogon soro na dutse a ƙasar da ba ta da dutse, abin da ya sa wasu masana suke ganin yankin gandun sarki ne kuma soron mazaunin wakilinsa ne, wasu kuwa ba su yarda ba.

Amma ku nufi arewa ko yamma, sai labari ya sāke. A Cornwall, a ƙauyen Chysauster, ɗakunan dutse ne kewaye da tsakar gida, ba abin da ya haɗa tsarinsu da Rum. A Din Lligwy, a tsibirin Anglesey, ana zaune cikin kewayayyun ɗakuna a ƙarni na 4, bayan shekara ɗari biyu da hamsin na mulkin Rumawa. A ƙasar da ke kusa da ganuwar Hadiriyan akan tona gida ɗungum a sami tsingaro kaɗan, kuɗi ko ɗaya babu, alhali kuwa barikin soja cike da kayan Faransa da Sifen yana nan tafiyar yini guda. Akwai wata shaida a can da ta fi kowace taɓa zuciyata. A ƙarƙashin barikokin Wallsend da Rudchester da Carrawburgh an tarar da sawun garma da kunyoyi kwance, ginin soja a bisansu. Gonar wani ce, ya gyara ta, aka zo aka aza ganuwa a kai. A arewacin ganuwar kuma, a filayen Northumberland, gidajen gona irin su Pegswood da aka daɗe ana zaune cikinsu sun zama kufai ba da daɗewa ba bayan gina ta.

Game da abin da ake shukawa, babban hatsi shi ne wata irin alkama mai riga, wadda ƙaiƙayinta ke manne da ƙwaya sai an gasa an sussuka kafin ya fita, sai sha'ir da wake. Garmar da shanu biyu ke ja, mai tsaga ƙasa ba ta kifar da ita, ita ce ta da, ita ce kuma aka ci gaba da aiki da ita, sai dai ƙarfe ya yi araha, bakin garma ya ƙara nauyi, daga baya aka ƙara mata wuƙa mai yanka saiwa a gaba. An sami laujuna masu tsawon gaske na yankan ciyawa, irin waɗanda aka tono a Great Chesterford. Shanu sun ƙara girma, kaji sun yawaita, injin niƙa mai aiki da ruwa ya bayyana a wurare kamar Ickham. A ƙarni na 3 da na 4 kusan kowace babbar gona a kudu tana da wani murhu mai hanyar wuta a ƙarƙashin daɓe, na busar da hatsi da kuma gasa tsiron da ake yin giya da shi. Marijke van der Veen ta ƙirga sababbin kayan abinci wajen 50 da suka shigo, har da inabi da ceri da kokwamba, ta kuma nuna cewa soja da 'yan birni suka fara cin su, ƙauye sai daga baya, kuma kaɗan. Wani baƙo kuma da ya biyo Rumawa shi ne ƙwaron da ke cin hatsi a rumbu, wanda ba a ga alamarsa a tsibirin ba kafin su. A York ya ɓata wani ɗakin ajiya har sai da aka rushe shi aka binne wurin da yumɓu.

Lalle noma ya ƙaru. Tambaya ita ce, ina amfanin yake tafiya? A ƙarni na 2 akwai soja wajen 50,000 a lardin, da dawakansu da alfadaransu, ba mai noma a cikinsu. Akwai harajin ƙasa, akwai na kai, an kuma yi ƙidayar mutane don a san abin da za a aza musu. Tasitus, wanda surukinsa Agirikola ya yi gwamnan lardin wajen shekara ta 77 zuwa 84, ya bayyana irin wasan da masu karɓar hatsi suke yi. Sai a sa mutane su zauna a ƙofar rumbun gwamnati a kulle, su sayi hatsi da tsada don su biya da shi, ko a umurce su su kai nasu wani bariki mai nisa inda ba hanya, alhali ga bariki a kusa, har sai sun ba da toshiya. Tasitus ya faɗi wannan ne don ya yabi surukinsa da ya hana, amma mu abin da ya amfane mu shi ne ya tabbatar ana yi. Shi ne kuma ya ba da labarin yadda tsofaffin sojan da aka zaunar a Colchester suka kori mutane daga gidajensu da gonakinsu suna kiransu bayi, abin da ya taimaka wajen hura wutar tawayen Sarauniya Budika a shekara ta 60 ko 61, inda aka ƙone Colchester da Landan da St Albans. Bayan shekara ɗari uku, a 359, Yuliyan ya tara jiragen ruwa 600, bisa ga faɗarsa, don kwasar hatsin Biritaniya zuwa ga rundunar kogin Rhine. Dokar farashi ta Sarki Diyokilishiyan ta shekarar 301 ta ambaci alkyabbar ulu ta Biritaniya cikin kayan da aka sani a duk daular. Tumakin wani ne, matar wani ce ta kaɗa zaren. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manomin bai bar mana littafi ba, amma ƙasa ta adana 'yan muryoyi. A Vindolanda, kusa da ganuwa, an tono wasiƙu a kan siraran alluna. A cikin ɗaya wani Oktabiyas yana gaya wa abokinsa cewa ya yi cinikin zangarniya mudun Rumawa 5,000, ya ba da kafin alƙalami, in ba a aiko masa da dinari ko 500 ba zai yi hasara ya ji kunya, ga kuma fatu a Catterick ya ƙi aika shanu su jawo su saboda hanya ta ɓaci. Wannan dillali ne tsakanin gona da bariki. A Landan an sami allo mai kwanan wata 14 ga Maris, 118, a kan shari'ar wani ɗan kurmi a Kent wanda aka saya dinari 40. Ku duba, har kurmi ya zama abin aunawa da sayarwa da kai ƙara. Wani allon na Landan kuma takardar cinikin wata baiwa ce mai suna Fortunata, dinari 600, kuɗin kurmin nan sau goma sha biyar, wanda ya saye ta kuwa shi kansa bawan wani bawan sarki ne. Amma waɗanda suka fi kusa da ƙauye su ne na Uley a Gloucestershire, inda mutane suke rubuta kuka a kan fallen darma su kai wa gunkinsu. Wani Honoratus ya kai ƙarar an sace masa ƙafafun amalanke biyu da shanu huɗu da tarkacen gida, yana roƙon kada a bar ɓarawon ya kwanta ko ya zauna, ya ci ko ya sha. Wani Senakus ya ambaci sunan mutum da ɗansa da yake zargi da sace masa dabbar aiki. Abin lura a nan biyu ne. Da Latin aka rubuta, watau harshen masu mulki ya kai har karkara a wannan yanki. Kuma mutumin da aka sace wa saniya wurin gunki ya nufa, da alama bai sa rai da alƙalin gwamna ba.

Ba na son in wuce gidajen bila kamar ba su da muhimmanci. Da yawansu ba baƙi suka gina su ba. A Lockleys da Park Street da Gorhambury, duk a kewayen St Albans, an tarar da ɗakunan gargajiya a ƙarƙashin ginin dutse, alamar cewa gida ɗaya ne ya yi arziki ya sāke tufa. Su ne manyan ƙasa waɗanda Rum ta bar wa sarauta a majalisun garuruwa, ta ɗora musu tara haraji, tsarin da ba sai na yi wa wannan zaure dogon bayaninsa ba. J. T. Smith ya lura cewa wasu gidajen suna da sassa biyu ko uku masu kama da juna, ya ce watakila 'yan'uwa ne suke zaune tare suna noma ƙasar da ba a raba ba, kusan abin da mu muke kira gandu. Ba kowa ya karɓi ra'ayinsa ba, amma ni ina ganin ya cancanci a saurare shi, domin masu musa masa sun saba ɗaukar gida a kan miji da mata da 'ya'yansu kawai. Ƙarni na 4 shi ne lokacin da waɗannan gidaje suka kai gaya. Woodchester tana da ɗakuna fiye da 60, da daɓe mai zane wanda kowane gefensa ya kai mita 14. Amma binciken Reading ya nuna cewa a yankuna da yawa adadin ƙananan gidajen gona ya kai ƙololuwa ne a ƙarni na 2, daga nan ya yi ta raguwa. Manya suna ƙara girma, ƙanana suna ɓacewa. Wata doka ta shekarar 319 da aka aika wa wakilin sarki a Biritaniya tana maganar wanda zai ɗauki harajin manoman da ke zaune a ƙasar wani, a 332 kuma Sarki Kustantin ya hukunta cewa irin wannan manomi in ya yi niyyar gudu a sa masa mari. Har masu ƙasar ma wasu ba su taɓa ganinta ba. Melaniya, wata attajira ta birnin Rum da ta rabar da dukiyarta sadaka a farkon ƙarni na 5, cikin gonakin da ta sayar har da na Biritaniya.

Shaida ta ƙarshe ita ce jikin manomin kansa. Rebecca Redfern ta gwada ƙasusuwan mutanen Dorset na kafin zuwan Rumawa da na bayansa, ta ga alamun cuta da ƙarancin abinci sun ƙaru, musamman ga yara da tsofaffi. Nazarin da Anna Rohnbogner ta yi a kan ƙasusuwan yara ya nuna cewa 'ya'yan ƙauye ba su tsira daga ciwon rashin abinci mai kyau ba, ko da yake a tsakiyar gonaki aka haife su. A Knobb's Farm, wata gona a bakin Fens, cikin gawa 52 an tarar 17 an fille musu kai, kuma masu binciken, a rahotonsu na 2021, sun fi karkata ga cewa hukuncin kisa ne. Ba zan ce kowane manomi ya tagayyara ba. Wanda ke kusa da hanya ko kasuwa ya sami tukwane masu kyau na Oxfordshire da Nene, da takalmi mai ƙusa, da 'yan kuɗin tagulla a hannu, abubuwan da kakansa bai sani ba. Amma in aka ce in auna, zan ce ci gaban da Lugga yake yabo ya tsaya ne a hannun kaɗan, kuma mafi yawa su suka biya kuɗinsa da hatsinsu da ƙarfinsu.

Yadda abin ya ƙare ma yana da abin faɗi. Bayan shekara ta 402 sababbin kuɗi suka daina shigowa da yawa. A 407 wani mai neman sarauta ya kwashe soja ya ƙetare da su Faransa, bayan shekara biyu kuma, in ji Zosimus, mutanen tsibirin suka kori ma'aikatan Rum. Da aka daina biyan soja da karɓar haraji, kasuwar da ta dogara da su ta mutu, manyan matukan da suka shekara ɗari suna aiki suka kashe wuta cikin zamani ɗaya. Gidajen bila suka lalace sannu sannu, a wasu an tarar an haƙa murhun busar da hatsi a tsakiyar daɓe mai zane. Ba duka suka faɗi rana ɗaya ba, gama a 2020 aka sanar cewa wani daɓe a Chedworth bayan shekara ta 424 aka shimfiɗa shi. Patrick, waliyyin Kiristocin Ailan, ɗan irin wannan gida ne. Ya faɗa da bakinsa cewa ubansa ɗan majalisar gari ne mai ɗan gidan gona, daga nan mahara suka kama shi yana da shekara wajen 16, suka kuma auka wa bayin gidan maza da mata, ya shekara shida yana kiwo a bauta.

Gona kuwa ba ta mutu ba. Ƙurar furanni da ta kwanta a ƙarƙashin tafkuna da fadamu ta nuna cewa a yawancin ƙasar daji bai komo ya rufe filaye ba, sai dai kiwo ya ƙaru a inda noman hatsi ya ragu. Stephen Rippon da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a 2015, sun tarar cewa a wurare da yawa na kudu da tsakiyar Ingila iyakokin gonakin zamanin Rumawa suna kwance bisa layi ɗaya da iyakokin da aka yi ta bi bayansu, har waɗanda taswirorin ƙarni na 19 suka nuna. A Trethurgy kuma, wata 'yar tunga a Cornwall mai ɗakunan dutse kaɗan cikin shinge, wadda aka tona a 1973, mutane sun zauna tun ƙarni na 2 har cikin ƙarni na 6, suna niƙa hatsinsu a dutse iri ɗaya, fiye da shekara ɗari bayan tafiyar mai karɓar haraji na ƙarshe.